Manajan da Ba Ya Shiga Mota

A shekarar 1974 bankin da Ila yake wa direba a Kaduna ya sami sabon manaja daga Beljiyam, Mista Dewaele. Dogo ne, siriri kamar rake. Wai a ƙasarsu zakaran gasar tafiya ne. Ba gudu ba fa, tafiya! Har lambobin yabo gare shi.

Abin haushin shi ne bai daina ba. Kullum da safe sai ya fito daga gidansa na Unguwar Rimi da gajeren wando, ya nufi banki yana karkaɗa ƙugu. Masu tuyar ƙosai har barin kasko suke yi su kalli rangwaɗa. A ofis yake wanka ya sa kwat. Sabuwar motarsa Fijo kuwa tana gareji, Ila na goge ta sau uku a rana don kada a ce zaman banza yake yi.

Bayan wata biyu, Malam Ja'afaru, akawun ma'aikata, ya ja shi gefe. "Ila, an lura manaja ba ya shiga mota. Ƙarshen wata za a mayar da ita Legas, kai kuma a sallame ka."

Ila ya tuna gida. 'Ya'ya biyar gare shi a Kinkinau.

Washegari ya tari manaja a bakin ƙofa da Turancinsa na tasha. "Yallaɓai, don Allah ka shiga, ko sau ɗaya."

Bature ya ce, "Ila, a gasata ta ƙarshe faɗuwa na yi. Akwai motar da ke bin baya tana kwashe waɗanda suka gaza, ita ta ɗauke ni. Tun ranar, inda ƙafa za ta kai ni, ba na hawa mota."

Ila ya tausaya masa, amma ya fi tausaya wa kansa. "To yallaɓai, in ba ka shiga ba, ni za a kwashe."

"Biyo ni," in ji manaja.

Haka Ila ya bi shi da mota a giya ta ɗaya, direbobin tasi suna ta zuba masa ham. Saura taku ashirin su kai ƙofar banki, Bature ya tsaya. Ya daɗe yana kallon motar. Sannan ya buɗe ƙofar baya ya zauna, gumi sharkaf.

"Kai ni," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

A gaban Malam Ja'afaru Ila ya zagayo da sauri ya buɗe masa ƙofa, har da sara masa. Shekara shida suka yi suna wannan taku ashirin ɗin.