Idon Alƙali da Gawar Mai Otal

Ana yawan cewa tsufa yana koya wa mutum haƙuri. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa gwada kai tsohon alƙali asibiti ba.

Likita bai ɓoye komai ba: idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma in ba a yi masa aiki cikin watan nan ba, zai bi ɗan'uwansa. Bayan aikin, mako takwas ba kallon talabijin. A nan Alƙali ya kafe. Shekara tara ke nan yana bin wani shiri da ake nunawa duk Asabar da la'asar, a kan wani mai otal da aka tsinci gawarsa a ɗakin da aka kulle ta ciki. Ga shi tashar sai shela take, wai nan da mako shida za a bayyana wanda ya kashe shi.

"Sai na ji hukunci," abin da yake ta faɗa ke nan. 'Ya'yansa suka yi lallashi, suka yi faɗa, da suka gaji suka turo jikarsa.

Ita aikinta ɗora murya. Daga wata ƙasa ake sayo shirin, a juya maganar, ita ce ke yin muryar matar mamacin. A wani ɗan ɗaki mai soso a bango take wuni, tana daidaita kalma da motsin leɓen matar da ba ta taɓa haɗuwa da ita ba. Kullum suna gaban masu kallo da kashi goma sha biyu. Ta sa hannu a takarda cewa ba za ta faɗa wa kowa abin da zai faru a gaba ba, kuma duk bugun cikin da kakanta ke yi mata, ba ta taɓa faɗa ba.

Ta same shi a falo, ya jawo kujera har gwiwarsa na taɓa teburin talabijin, ya karkata kai yana kallo da ido ɗaya kamar kaza.

"Amarya, ke ma an turo ki?"

"An turo ni, tsoho. Na ce musu ni fa ba na zama da miji makaho."

"To sai ki nemi saki. Yi shiru, an fara."

Ta zauna a hannun kujerar. A shekarun farko na shirin, in aka nuna makulli a kan tebur, to makullin yana da aiki. Yanzu sai a kwashe minti goma mutum na hawa bene, kiɗa na bin sa.

"Kaka," ta ce a hankali, "babu amsa. A kashi na ƙarshe za a ce gawar ba tasa ba ce, ta ɗan'uwansa ce, ashe tagwaye ne. Masu shirin sun ƙara shekara biyu. Jiya aka kawo mana sababbin takardu."

Bai ko juyo ba. "Shaidar mai buƙata ba a karɓarta haka nan. Asibiti kike son kai ni."

"To saurara. Yanzu ɗan sanda zai ce, 'Agogon nan ba a nan yake jiya ba.' Ni kuma in ce, 'Tambayi mai shara.'"

Ɗan sandan ya faɗa. Sai ga muryarta ta fito daga akwatin, ta amsa.

"Wannan ya nuna kin san na yau ne kawai," in ji Alƙali.

"Shi ke nan, bar tawa shaidar. Kai da kanka, wa ya rage ba a zarga an wanke ba?"

Ya ɗaga hannu ya fara lanƙwasa yatsu. Direba, a shekara ta biyu. Mai dafa abinci. Lauya, sau biyu. Matar, ɗiyar, likitan otal, mai gadin da ya yi suman wata bakwai. Yatsun suka ƙare, ya sake zagayowa. Can ya tsaya, hannun a sama.

"Saura aku," ya ce.

"Shi ma an zarge shi, bara, lokacin da kake kwance da zazzaɓi."

Ya sauke hannun. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Su ma masu shirin ba su san wanda ya kashe shi ba," ya ce. "Shekara talatin ina kan kujera. Lauyan da ya nemi a ɗage zama sau uku, na san ba shi da abin faɗa ne. Waɗannan kuwa na zauna sun ɗage mini sau ɗari huɗu." Ya miƙa mata wayarsa. "Nemo mini lambar likitan, ba na ganin rubutun. Ki ce masa Litinin."

"Gobe fa?"

"Gobe Lahadi ce, ja'ira. Kira shi."