Wutar Birkin Motar Ƙasimu

Ranar Asabar wani mai babur ya daki bayan motar Ƙasimu a hanyar Rogo, don Ƙasimu ya taka birki wutar baya ba ta kama ba. Ba wanda ya ji ciwo, amma dagaci ya ce kada a ƙara ɗora mata ko buhun gyaɗa ɗaya sai an gyara. Shi kuwa Ƙasimu, in ba don tsohuwar motar sojan nan da ya saya a gwanjo bayan ya ajiye kaki ba, babu abin da ke kawo mutum ƙofar gidansa a Beli.

Tun da hantsi ya shige ƙarƙashinta. Ya sake ƙwan fitila, ya bi waya da yatsa har ya iske inda ɓera ya gaigaye ta, ya haɗa ya naɗe da salatif. Saura gwaji.

To gwajin wutar birki aikin mutum biyu ne, ɗaya ya taka, ɗaya ya duba baya. Da can yakan yo baya da motar har bakin zana, matarsa Hajo ta leƙo ta gaya masa. Hajo ta rasu da damina. Ƙasimu kuma ga taurin kai, ya gwammace ya wuni a rana da ya je majalisa roƙon ido.

Sai ya tokare birkin da guntun icce, ya diro, ya ɗingisa zuwa baya. Ba wuta. Bai san dirowarsa ke girgiza motar iccen ya ɗan saki ba. Ya kwance abin da ya ɗaura, ya sake ɗaurawa, ya hau, ya sauka, har la'asar.

Wata mai tallar nono, Turai, tana hutawa a gindin tsamiya. Ta gaji da kallo ta ce, "Sannu da aiki, Baba. Wai me kake nema a bayan motar nan?"

"Wutar birki ce ta ƙi, 'yar nan."

"Jar nan? Ai tun da na zauna, kana hawa take kamawa, kana sauka ta mutu."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanyar ƙauyen Turawa.

Ashe tun hantsi motar ta warke, mai gani ne babu. Daɗi ya kama shi, ya juya zai ba wani labari, sai kaɗaici ya danne daɗin. Ya zauna a kan taya yana goge hannu da tsumma.