Jinin Goggo

Ranar da Goggo ta zo ɗakin bincikenmu, ina tsaye gaban firiza da safar hannu ina jera kwalaben jini. Mai gadi ya leƙo ya ce wata tsohuwa tana nemana, wai ita ce uwata. Na ce uwata ba ta hawa bene. Da na fita sai ga Goggo a kan benci, ta rungume jaka. Ta tsufa ta motse, amma bakin nan nata yana nan yadda na san shi.

Goggo yayar mahaifina ce. Ina 'yar firamare cikin Baba ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya, ya rame har agogo yana zamewa daga hannunsa. Da ya rasu, tun masu gaisuwa ba su watse ba, Goggo ta miƙe ta nuna Inna da yatsa, ta ce guba ta zuba masa a abinci. Ba wanda ya tsawata mata. Aka watso mana kayanmu waje, muka kama ɗaki ɗaya a bayan tasha. Inna ta koma ɗinki, maƙwabta kuma suka hana 'ya'yansu shan ko ruwa a wurinmu. Inna ba ta taɓa ɗaga murya a kan maganar ba, kullum sai ta ce in bar wa Allah. Ni kam na kasa.

Idan 'yan jarida suka tambaye ni abin da ya kai ni binciken ƙwayoyin cuta, cewa nake kishin al'umma. Suna son jin haka. Gaskiyar ita ce haushi ne ya kai ni. So nake in kamo abin da ya kashe Baba in kai wa Goggo har ɗaki, ta gan shi da idonta.

Na kuwa kamo shi, bayan na ƙarar da ƙuruciyata a gaban injuna, gashina ya fara fari. Ƙwayar ciwon hanta ce. Sau da yawa uwa ce ke ba jariri ita wajen haihuwa, ba tare da ta san tana ɗauke da ita ba. Sai ta kwanta luf a hanta shekara da shekaru, tana cusa kanta cikin ƙwayoyin hantar, har wata rana su fara hayayyafa ba birki. Ita ce sankarar hanta. A kan wannan na yi rubuce-rubucen da suka kai ni taruka a ƙasashe, har abokan aikina suke kirana Uwar Hanta. Amma Goggo ba ta karanta mujallar bincike, ni kuma ba ni da jinin danginmu a hannu. Duk wahalata ba ta wanke Inna a idon kowa ba.

"'Yar nan, ba ki gane ni ba ne?" in ji Goggo.

"Na gane ki sarai, Goggo. Lafiya?"

"Ina fa lafiya. Auta ne. Cikinsa ya kumbura sak irin na ubanki." Ta matso ta rage murya. "Matar nan tasa ce. Tun ranar da na ga idonta na san za a yi haka. Na ce ta tattara kayanta."

Dariya ta kufce mini, irin wadda ba daɗi a cikinta. Ashe har yau waƙar ɗaya ce, mai laifin kawai aka canja.

Auta ɗanta ne na ƙarshe, kuma bai taɓa yi mini komai ba. A take na buga wa likitan hanta waya aka ba shi gado. Sannan na juyo kanta.

"Zan tsaya a kan maganar Auta. Amma zan ɗebi jininki, da na Baffa, da na 'ya'yanki duka. Abin da na gani kuma a ɗakin Inna zan faɗe shi, a gaban matar Auta. Kin yarda?"

"Ni zan taka ɗakin uwarki?"

"Ƙafarki ce ta hawo benen nan ai. Ɗakinta a ƙasa yake."

Ta harare ni, ta duba jakarta, ta ce ta yarda. Baffa, ƙanin Baba, da sauran ma suka yarda, don tsoro ya riga ya shige su.

Da kaina na ɗaure wa Goggo damtse na nemo jijiya. Na iya huda jijiya mutum bai ji ba, ranar ma haka na yi, don ba zafin allura nake so ta ji ba. Na sa kwalaben a injin juya jini, na tsaya a kansa kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Da sakamako ya fito a kwamfuta na kwatanta ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta jikin Goggo, ta Baffa, ta Auta, da ta 'yar Goggo ta biyu, duk iri ɗaya ce. Matar Auta, da ita ma na ɗebi jininta, ba ta da ita. Inna ma, da na daɗe da gwadawa, ba ta da ita. Na zauna a kujera, daɗi ya rufe ni. Ban ji kunyar daɗin ba.

Da hantsi muka taru a ɗakin Inna. Tana gaban keken ɗinkinta da tabarau a karan hanci, ta amsa gaisuwar Goggo a taƙaice. Baffa ya zauna bakin ƙofa. Matar Auta ta raɓe a lungu, idanunta sun kumbura.

Na yi bayani a hankali, kamar yadda nake yi wa ɗaliban shekarar farko. Na ce jinin Baba ba ya hannuna, amma ciwonsa da na Auta ɗaya ne, kuma ƙwayar da ke jawo shi tana jikin 'yan uwansa na ciki ɗaya. Daga Kaka, mahaifiyarsu, suka samo ta tun ranar haihuwa.

"Ba wanda ya zuba wa Baba komai," na ce. "Da abinsa ya auri Inna."

Baffa ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya yafe mana." Matar Auta ta fashe da kuka.

Goggo ta dubi ƙasa, leɓenta yana motsi. Can ta ɗago.

"Shi Auta fa? A ina ya samo?"

"A jikinki, Goggo."

Na ga maganar ta shige ta. Jakar ta zame daga cinyarta, ba ta ɗauka ba.

"Ke nan ni na kashe ɗana?" ta ce. "'Yar nan, faɗa mini. Ni ce?"

Na san amsar. Ba ita ba ce. Ba ta san tana da ita ba, a zamaninta kuma ba a yi wa jarirai allurar rigakafin. Na faɗa wa iyaye mata da yawa haka a asibiti, ina riƙe da hannunsu. Na zaci zan more wannan lokacin, amma ganin halin da tsohuwa ta shiga ya sa bakina ya buɗe da kansa.

"Goggo, ai ba..."

"Rufe bakinki," in ji Inna.

Na juya. Ba ta ko dube ni ba, tana ƙoƙarin zura zare a allura.

"Inna, gaskiyar ita ce..."

"Na san gaskiyar, ai na ji ki. Gobe kya faɗa mata." Ta lashi bakin zaren ta sake gwadawa. "Bar ta ta kwana da zargin. Ta ji yadda ake kwana."