Karkataccen Hoton Baba Mutawakil

"Matsa gefe, kin tare haske," in ji Baba Mutawakil, muryarsa da ƙyar take fita.

Munawara ta matsa. Mutumin da sai an tokare shi da matashi yake iya zama, amma bakin gyara yana nan daram. Shekara da shekaru yana ɗaukar hoton mutanen Yendi, amare da alhazai, kowa sai ya zauna a tsakiya, ya daidaita kafaɗa, ya rufe baki. Shi kuwa bai taɓa tsayawa an ɗauke shi ba. Yanzu ga 'yarsa Rashidatu can Bawku da tsohon ciki, likita ya hana ta tafiya, kullum tana roƙon Munawara, maƙwabciyarsu mai sayar da koko, ta turo mata hoton mahaifinta.

"Fuska a tsakiya. Kada ki yanke hula," in ji Baba.

Ta bi doka tiryan-tiryan, ta ɗauka da wayarta. Ta duba. Hoto ya miƙe sarai, amma majinyaci ne a ciki, ido ya zurma. In Rashidatu ta ga wannan, yau za ta shiga mota ko da za ta haihu a hanya.

"Baba, ni fa haka nake ɗauka," ta ce, ta karkata wayar da gangan.

"Ke 'yar nan, zubar da ni za ki yi?"

Ya ɗaga yatsa zai yi faɗa, dariya ta ƙwace masa. Nan ta danna.

Ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallon hoton. Rabin hula babu, taga ta kutso ciki, yatsan ya yi dishi-dishi.

"Da yaron shagona ne ya yi wannan, da na kore shi," ya ce. Can ya miƙo mata wayar. "Tura mata. Haka ta san ni."

Rashidatu ta gani ta yi dariya, ta haƙura da tafiya. Ranar Laraba bayan azahar Baba ya cika, Munawara ta yi kuka kamar ubanta ne.

Da Rashidatu ta haihu lafiya, Munawara ta je suna Bawku. Ta tarar an wanke hoton an rataye a bango. Rashidatu na zaune tana shayar da jaririn, ta ɗan karkata kai tana kallon mahaifinta.