Wata Uku Sau Ashirin da Takwas

Ƙarfe tara na safe, yayyafi na ta zuba kamar ba shi da niyyar ɗaukewa, Sabon Zuwa ya haura bene na uku cikin rigarsa da ta sha guga. Shekararsa bakwai a kamfanin nan. Shi ke rubuta musu manhaja, shi ke tayar da kwamfutoci idan sun kwanta, amma sunan ya ƙi barinsa. Dalili kuwa ɗan kwantiragi ne, wata uku-uku ake ba shi. Idan sun cika a sallame shi ranar Juma'a, ranar Litinin a sake ɗaukarsa, a zaunar da shi cikin sababbi a nuna masa inda banɗaki yake.

Da can abin bai dame shi ba. Kuɗin kwantiragi sun fi albashi kauri, har yakan yi wa ma'aikatan dindindin dariya, ya ce ƙarin da ake musu duk shekara ko katin waya ba zai saya ba. Su kuma su ce sun ji, amma dai idan zazzaɓi ya kayar da su albashinsu na tafiya. Sai da matarsa ta haifi na biyu, shi kuma ciwon baya ya kwantar da shi mako uku babu ko sisi, sannan dariyar ta ragu. Ya nemi a tabbatar da shi. Yau aka kira shi.

Madam ta ofishin ma'aikata ta tarbe shi da fara'a, ta turo masa takarda. An amince. Ya karanta a hankali, ya zo kan layin albashi, ya sake karantawa. Mataki na ɗaya aka ba shi, na wanda ya gama makaranta jiya. Mai shekara bakwai a mataki na shida yake, kuma tsakanin biyun akwai kuɗin hayar gida da na makarantar babban yaro.

"Ranki ya daɗe, shekara bakwai fa," ya ce.

Ta juyo masa da fuskar kwamfutarta. "Ka gani da idonka, Malam. Wata biyu da kwana goma sha ɗaya."

Ya tuna mata cewa a gabansa aka ɗauke ta aiki, shi ya buɗe mata imel, shi ya koya mata inda ake dannawa. Ba ta musa ba, har ta yi masa addu'a.

"Ai ni na san ka," ta ce. "Ofis ne bai san ka ba."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne aikin hannunsa ne. Shekara shida da suka wuce Oga ya yi ƙorafin sunayen tsofaffin 'yan kwantiragi sun cika na'ura, sai shi da bakinsa ya ce a bar masa. Ya rubuta manhajar da ke share mutum tas ranar da wa'adinsa ya cika, da sunansa da saƙonninsa da takardar da ya sa wa hannu. Don ƙwarewa har ma'ajiyar baya ya sa ta bi ta goge. A taro aka tafa masa.

Ya ce to akwai shaidar banki. Madam ta ce wannan ai kamfanin dillalin ma'aikata ne ke biyansa, kuma dillalin ya sauya suna sau huɗu. Kwamiti zai zauna ƙarfe goma sha biyu. Idan yana da abu mai tambarin kamfanin nan da kwanan wata, ya kawo. Idan babu, ga mataki na ɗaya, ga kuma kwantiragi, duk wanda ya ɗauka kamfani na alfahari da shi.

Ya sauko ya tsaya a rumfar bakin ƙofa da waya a hannu. Ya nemo lambar matarsa, ya kasa dannawa.

Mai gadi, wani dattijo da shi ma shekara goma sha ɗaya ke nan ana sabunta shi, ya rage muryar rediyonsa ya tambaye shi ko lafiya. Ya gaya masa a taƙaice, ba don yana sa ran komai ba. Dattijon ya jawo aljihun tebur, ya ɗaga littafin baƙi da wata tocila, ya fito da ɗaurin katunan shaida an naɗe su da roba.

"Naka ne, ɗana. Duk Juma'ar sallama nan kake ajiyewa. An ce in riƙa yankawa, to ba a ba ni almakashi ba."

Sabon Zuwa ya warware robar. Ashirin da bakwai ne, kowanne da tambari da kwanan wata. A hoton katin farko sumarsa cike take, daga nan tana ta ja da baya kati bayan kati.

Ya dubi agogo, ya cusa su a aljihu, ya kwasa da gudu yana tsallake matakala bibbiyu. Mai gadi ya tsince robar daga ƙasa, ya mayar da ita aljihun tebur, ya ƙara muryar rediyo.