Fatar Mama Nabbosa

Shayi kawai na fita sha, minti ashirin, na dawo na tarar babu kwalbata a cikin ƙanƙara.

"Wa ya taɓa mini kaya?"

Dakta Okwir, abokin aikina a ɗakin bincike, ya ɗago kai har da murmushi. "Ni ne, Namazzi. Na gan ta cikin sanyi, na sa miki a akwatin ɗumi."

Na buɗe akwatin. Ruwan da na bari garau ya yi fari, ya daskare kamar kunun da ya kwana.

Shekara ashirin Okwir yana rainon ƙwayoyin halitta, su kuwa ɗumi suke so, saboda haka duk kwalbar da ya gani sai ya ɗumama ta. Abin da ke kwalbata kuwa, sinadarin kolajin, ba haka yake ba. Shi ne zaren da ke riƙe fata. A sanyi yana nan a narke, da ya ji ɗumi sai ya fara saƙa kansa, wani ƙaramin furotin yana binsa yana daidaita kaurin zaren. Na haɗa su a ƙanƙara ne don in sa a na'ura, in kalli saƙar tun daga farkonta. Ga shi an gama ta a bayan idona, kuma ba ta warwaruwa.

"Taimako na yi fa," in ji shi.

"Taimakon me? Wa ya aike ka? Ka san furotin ɗin wa ke ciki?"

Na Mama Nabbosa ne, mai sayar da matoke, wato ayabar dafuwa, a kasuwar Kalerwe. Fatarta ko ƙofa ta ɗan goge ta sai ta tsage, kuma ba ta haɗewa da wuri. Ta yarda likita ya yanki ɗan guntu a damtsenta don mu gano ko furotin nan ne ba ya aikinsa. Wata biyu na yi ina tace shi, na samu ɗigo uku, duka ukun suna cikin kwalbar nan.

"To, a sake ɗibar wani mana," in ji Okwir.

Kai! Ji na yi kamar in kwaɗa masa akwatin a ka. Na ce, "Tashi. Da bakinka za ka roƙa."

Muka hau boda biyu, baburan haya, zuwa kasuwa. Muka same ta tana ɓare ayaba, damtsen hagu har yanzu a naɗe da bandeji, wata na huɗu ke nan.

"'Yata, sannu da zuwa. Me kuka gani a fatar tawa?"

"Tambayi Dakta, Mama."

Okwir sarkin surutu sai ga shi yana kallon takalminsa. Da ƙyar ya haɗa maganar. Na so ta zage shi, wallahi na so, da na ji sanyi a raina.

Ba ta zage shi ba. Ta ajiye wuƙa, ta naɗe hannun rigar dama.

"Ku ɗiba a nan. Jikata ma haka fatarta take, gara a yanki tawa."

Haushi ya turnuƙe ni. Na cafki hannunta na ja rigar ƙasa. "Babu mai sake yanka ki, Mama!"

Ta ce, "Wash."

Na saki. Shatin yatsuna huɗu ya fito a fatarta, yana yin baƙi muna kallo.