Kitson Goshin Biju

…kuma karangiyar ta ƙi fita. Hawwa'u na ja da mataji, yana ƙara, tana dainawa. Zaune take a tsakar gida da kare a cinya. Kare! Ita da ta shekara sittin ba ta bar kare ya shinshini tabarmarta ba.

Biju sunansa. Na Lalla ne, ɗiyarta. Daga Yamai ta zo da shi cikin kwando, wata Baturiya da ta yi wa aiki ta bar mata. Ɗan mitsitsi, gashi har ƙasa kamar tsintsiya, ba gadi, ba farauta. "Aikinshi mi?" in ji Hawwa'u. Lalla ta yi dariya: "Zama da mutum, Inna." To ga shi nan yana aikinsa.

Kwana hamsin da biyu da rasuwar Lalla. An raba zannuwa, tukwane, keken ɗinki… Biju dai ba wanda ya ce a ba shi.

Jiya likitan dabbobi ya duba. Gashi ya dunƙule, kaska a ciki, fata ta fara ruwa, ga zafin bazara. A aske duka, ya ce, har goshin, in ba haka ba tsutsa za ta cinye shi.

Almakashin Lalla ne. An gama baya. An gama ciki. Gashi na zuba ƙasa, ba ta jin komai. Ai ya kamata ta ji wani abu, ko? Ran rasuwar ma ba ta yi kuka ba, mata na kallonta suna jira.

Saura goshi.

Ɗan kitso ɗaya, siriri, ɗaure da jan zare, don kada gashi ya rufe masa ido. Ranar Laraba Lalla ta yi shi, kafin zazzaɓi ya kwantar da ita. Daga hagu ya faro — bahaguwa ce, duk dukan da Hawwa'u ta yi wa hannun nan bai gyara shi ba.

Kafin a yi wa mamaciya wanka sai an tsefe mata kai. Intalla mai wankan gawa ta tambaya, "Ke za ki tsehe mata ko ni?" Ita ta tsefe. Layi bayan layi, kan da ɗan ɗumi… ko hannunta ne? Ta warware duka, ba ta bar ko ɗaya ba.

Wannan kaɗai ya rage a duniya da hannun Lalla ya ɗaure. A goshin kare. Ƙarƙashinsa kuwa wari, da wani abu fari yana motsi.

Biju na lasar yatsanta. Sai ta wanke kafin salla. Ana kira — azahar ce ko la'asar? Almakashi a buɗe, kitson a tsakani, jan zaren na rawa don kare na haki. Ya ɗago ido yana kallonta, yana jira, yadda matan suka jira.

Hannun dama ya ƙi rufewa. Ta mayar da almakashin hannun hagu…